Waya ko kyamara: wacce ta fi dacewa da hoton Saudiyya daga sanyi zuwa zafi

Duk wanda ya bi hanyar Hada daga Makka zuwa Ɗa'if da sanyin safiya ya san yadda abin yake. Ana tsayar da mota a gefen hanya, a zaro waya, a ɗauki duwatsun da suka jeru har ƙarshen gani. Sai an dawo gida a ga duwatsun sun zama ƙananan tsibi-tsibi, sama ta yi fari fat. Daga nan ne tunanin sayen kyamara yake shiga ran mutum. Wani lokaci kyamarar ce maganin, wani lokaci kuma asarar kuɗi ce kawai, domin laifin na lokacin da aka ɗauki hoton ne.

Abubuwa uku ne a gaban mai zaɓe: waya mai kyamara mai kyau, tsohuwar kyamara mai madubi da ake kira DSLR, da kuma marar madubi wadda kamfanoni suka karkata gare ta yanzu. A ƙasar nan ta Saudiyya, abin da ke raba gardama a tsakaninsu shi ne zafi, ƙura, laima da nisa. Adadin megafiksel da ake rubutawa a jikin kwali shi ne na ƙarshe a lissafi.

Bambanci na asali

A cikin kowace na'ura akwai ɗan faranti mai kama haske, wanda masu sana'a ke kira sensa. Na manyan wayoyi bai cika wuce milimita 10 a tsawo da 7 a faɗi ba. Na matsakaitan kyamarori, wato nau'in APS-C, kusan milimita 23.5 ne da 15.6, ya ninka na waya kamar sau biyar a fili. Na manyan kyamarori 36 ne da 24. Faranti mai faɗi ya fi tara haske, kamar yadda baho ya fi kofi tarar ruwan sama. Da rana tsaka kowa yana samun haske har ya yi yawa, shi ya sa bambancin ba ya fitowa. Da asuba, da almuru, da cikin dare ne ake gane na gaba.

Waya tana rufe wannan giɓi da dabara. Idan ka danna sau ɗaya, hotuna da yawa take ɗauka a jere, ta haɗe su, ta gyara. Dabarar tana aiki sosai a kan abin da ba ya motsi, kamar gini ko dutse. A kan mai tafiya, ko raƙumi mai juya kai, ko ganyen dabino da iska ke kaɗawa, sai a ga gefe-gefen sun narke kamar an shafa da yatsa.

Bambanci na biyu shi ne lensi, gilashin gaba. Babbar kyamarar waya mai faɗin gani ce, tana kwaso komai amma tana ƙanƙantar da na nesa. Lensin zum ɗinta, mai ninki 3 ko 5, yana zaune ne a kan faranti da ya fi na babbar ƙanƙanta, kuma duk abin da ya wuce wannan ninki yanka hoton kawai ake yi ana buɗa shi. A kyamara kuwa, lensi mai kaiwa milimita 135 ko 200 yana jawo dutsen da ke nesa da gaske, har layukan tsaunuka su hau kan juna. Wannan hoton na tsaunuka jere-jere, wani ya fi wani duhu, da shi ake yin sa.

Lokacin sanyi: Disamba zuwa Fabrairu

Mu da muka saba da hunturun gida muna haɗa sanyi da hazo da ƙura. A nan sau da yawa akasin haka ne: lokacin sanyi ne sama ta fi wankewa, musamman kwana ɗaya ko biyu bayan ruwa. Mutanen ƙasa suna ƙirga kwana arba'in na tsananin sanyi, Murabba'aniyya, daga wajen 7 ga Disamba. A wannan tsakani ne rana ke yin ƙasa-ƙasa, inuwa ta yi tsawo, jan dutse ya fito da launinsa.

Wannan shi ne lokacin Al-Ula, mai nisan sama da kilomita 300 arewa da Madina, inda Dutsen Giwa yake da kuma Hijir, wurin da UNESCO ta fara sanyawa cikin jerin kayan tarihin duniya daga Saudiyya a 2008. Mai zuwa Hijir, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu, dai ya tuna hadisin da ya yi magana a kan shiga gidajen mutanen da aka halaka, ya shiga da natsuwa. Ta fuskar hoto, Dutsen Giwa da la'asar sakaliya waya ma tana ɗaukar sa da kyau, tunda babba ne kuma ana matsawa kusa da shi. Inda kyamara ke yin zarra shi ne bayan isha'i.

Ga yadda ake ɗaukar taurari da matsakaiciyar kyamara da lensin da ake sayar da ita da shi, 18-55. A ɗora ta a kan ƙafa-uku. A mayar da lensi kan 18, a buɗe ƙofar haske iyakarta, f/3.5. ISO, wato ƙarfin jin haske na faranti, ya zama 3200, tsawon buɗewa daƙiƙa 15. A kashe saitin gani na kai-tsaye, a nemi tauraro mafi haske a sikirin, a murɗa zoben da hannu har ya zama ɗigo ƙarami. A sa jinkirin daƙiƙa 2 domin kada girgizar yatsa ta shiga hoton. Idan aka wuce daƙiƙa 18 ko 20 a wannan lensi, taurari za su fara jan wutsiya, saboda duniya tana juyawa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne murɗa zoben gani har ƙarshe da zaton nan ne mafi nisa. Yawancin lensuna suna ɗan wuce wurin, sai taurari su fito kamar ƙwallon auduga. Abu ɗaya kuma: farin kogin taurarin nan da ake gani a hotunan hamada, tsakiyarsa mai haske ba ta fitowa a Disamba da Janairu. Daga wajen Maris take fara bayyana gab da asuba, har zuwa Oktoba. A lokacin sanyi kaza da 'ya'yanta za ka samu, su ma suna da kyau a kan dutse.

Wayoyi masu tsarin dare suna iya kama taurari idan aka kafe su a kan ƙafa-uku, kuma hoton yana burgewa a sikirin. Idan aka buɗa shi a kwamfuta sai a ga wayar ta share ƙananan taurari da zaton datti ne.

Sanyi yana cin batir. A tsaunukan Tabuka, inda dusar ƙanƙara ke sauka a kan Jabal Lauz a wasu shekaru, batirin da ya nuna rabi yana iya mutuwa farat ɗaya. A ajiye na biyu a aljihun ciki, kusa da jiki, a riƙa musanyawa. Batirin da ya mutu idan ya ji ɗumi yakan farfaɗo. A nan DSLR ta yi wa sauran nisa. Nikon D3500, alal misali, an ƙiyasta mata hoto 1,550 a caji ɗaya, alhali ƙananan marasa madubi da yawa suna tsayawa tsakanin 300 da 450, domin sikirinsu da farantinsu a kunne suke koyaushe. Idan an samu dusar ƙanƙarar, a ƙara haske da +1, in ba haka ba na'ura za ta mayar da farin ya zama toka-toka. A waya, a taɓa sikirin a ja alamar rana sama kaɗan.

Maris da Afrilu: wardi da fure

Idan aka yi ruwa mai kyau tun daga Wasmi, lokacin ruwan farko wanda ke kamawa a tsakiyar Oktoba, hamadar arewa da ta tsakiya takan yi shar, furen huzama ya rufe ƙasa da shuɗi-shuɗi zuwa ƙarshen sanyi. Sannan sai wardin Ɗa'if, a gonakin Hada da Shafa, daga Maris zuwa Afrilu. Da asuba ake tsinkar sa, kafin rana ta yi zafi ta kwashe ƙamshin, a kai shi inda ake dafa shi a manyan tukwanen tagulla a tace mai da ruwan wardi. Wanda ya iso da hantsi ya tarar an gama. A Abha kuma itatuwan jakaranda suna yin furensu mai launin shuni a ƙarshen wannan lokaci.

Wannan fage ne da waya ke riƙe wuya. Tana matsawa kusa da fure, kuma saboda ƙanƙantar farantinta kusan komai yana fitowa tangaran daga gaba har baya. Matsalarta launi ce. Ruwan hoda da ja suna saurin cika su tumbatsa, sai ganyayyakin furen su manne su zama dunƙule guda. Maganin shi ne a rage haske kaɗan kafin a danna, a kuma ɗauka a inuwa ko kafin rana ta fito sosai. Tsarin nan na waya mai dusashe baya, kada a yi amfani da shi a kan fure. Lissafi ne take yi, kuma tana yanke ƙaya da siraran rassa.

Kyamara tana ba da dusashewar baya ta gaskiya. Da lensi a kan milimita 55 ko sama, f/5.6, fure ɗaya zai tsaya cak sauran gonar ta narke a bayansa. Amma iska tana kaɗa reshe, don haka saurin ƙyaftawa kada ya gaza 1/250, ko da za a ɗaga ISO zuwa 800. Ɗan ƙura-ƙuran ISO ana gyara shi, hoton da ya girgiza kuwa ya tafi ke nan.

Ƙura

Daga bazara zuwa tsakiyar zafi ne guguwar ƙura ta fi tashi, kuma a gabashin ƙasa iskar Bawarih tana kaɗawa a watannin Yuni da Yuli. A nan waya ta yi nasara ba tare da gardama ba. A rufe take ruf, yawancin manyan wayoyi suna da shaidar IP68 ta kariya daga ƙura da ruwa, kuma goge gilashinta da ƙyalle mai laushi ya wadatar. A dai hure yashin tukuna kafin a goge, don kada ya karce.

Kyamara kuwa duk lokacin da aka cire lensi an buɗe wa ƙura ƙofa. A DSLR akwai madubi da labulen da ke buɗewa ya rufe idan an danna, a gaban faranti, suna tare wani abu. A yawancin marasa madubi, da zarar an cire lensi ga faranti nan tsirara, sai wasu sababbi masu rufe labule idan an kashe su. Lensin zum mai fita da shiga shi ma yana zuƙar iska kamar zuga-zugi. Ƙurar da ta zauna a faranti ba ta nuna kanta a f/4, sai an matse zuwa f/11 ko f/16 domin hoton fili, sannan a ga ɗige-ɗige a sama, a wuri ɗaya a kowane hoto.

Gwajin mai sauƙi ne: a sa f/22, a ɗauki farin bango ko sama tsantsa, a buɗa hoton. Idan akwai ɗige, a cire lensi a cikin ɗaki da fanka a kashe, a kifa bakin kyamara ƙasa, a fesa iska da ɗan famfon roba na hannu sau biyar ko shida. Kada a hura da baki, yawu zai bi. Kada a yi amfani da gwangwanin iska mai ƙarfi, kada kuma a sa auduga ko gefen riga. Abin da ya ƙi fita a kai wa mai gyara, ko a sayi sandunan goge faranti daidai girman APS-C da ruwansu, ɗigo ɗaya ko biyu, shafa ɗaya zuwa dama, ɗaya zuwa hagu, a jefar da sandar.

Saboda wannan ne shawararmu ga mai sayen kyamara a ƙasar nan ta bambanta da wadda ake ba mutanen Turai. Maimakon lensi biyu ko uku, a nemi guda ɗaya mai dogon zango, 18-135 ko 18-140, a ɗaura shi a bar shi. Bai kai lensuna masu tsayayyen tsawo kaifi ba, gaskiya ne, amma ɗan kaifin da aka rasa bai kai ɓacin ran share ɗigo talatin a kowane hoto ba. A sa masa filta mai kariya a gaba, yashi ya ci filtar maimakon gilashin.

Ita kanta ƙurar abin ɗauka ce. Rana takan zama farin faifai da ido ke iya kallo, gari ya yi ruwan ƙasa. Waya tana ƙoƙarin wanke wannan launi ta mayar da sama shuɗiya, domin haka aka koya mata. Wanda ke son launin yadda yake sai ya shiga saitin ƙwararru ya kafe ma'aunin fari a kan hasken rana, wajen 5200 zuwa 5500.

Tsananin zafi da laimar bakin teku

Apple ta rubuta cewa a yi amfani da iPhone tsakanin digiri 0 da 35. Littattafan yawancin kyamarori suna cewa 0 zuwa 40. Makka da Madina da Riyad suna haura 40 kullum a tsakiyar zafi, wani lokaci har 45 da ɗoriya. Waya ce ke fara sarewa: sikirin ya dusashe har ba ka ganin abin da kake ɗauka, sannan ta rufe kyamarar gaba ɗaya. Cire mata riga, daina caji yayin ɗauka, da ajiye ta a inuwa suna ƙara mata ɗan lokaci. Kada a saka ta a firji, raɓa za ta taru a cikinta. DSLR ta fi kowa juriya tunda farantinta yana hutawa tsakanin hoto da hoto, kuma tagar leƙenta gilashi ce zalla, rana ba ta hana gani. Marar madubi tana tsakiya. A hoto ba ta da matsala sosai, a dogon bidiyo ne take ɗaukar zafi. Ko wacce ce, barin ta a mota a rana kisa ne ga batir, robar jikinta kuma ta saki ta riƙa danƙo.

A gaskiya ma hoton fili da rana tsaka a wannan lokaci ɓata lokaci ne. Haske daga sama yake dukan komai, inuwa ta yi baƙi ƙirin, launi ya kwanta. Kuma da yake Hijaz ba ta da nisa sosai da tsakiyar duniya, jan hasken safe da na yamma gajere ne, da wuya ya kai awa guda cikakkiya. A isa wuri kafin lokaci. A tuna kuma bakin tekun Jidda da Yanbu yamma yake kallo, na faɗuwar rana ne. Mai son hudowar rana a kan ruwa sai Dammam da Khobar.

Jidda tana da nata ciwon, rutuba, wato laima. Ka fito daga ɗaki mai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko daga mota mai sanyi, nan take gilashi ya yi gumi. A waya gogewa ɗaya ta isa. A kyamara gumin yana iya kama gilasan ciki, ya ɗauki rabin awa bai washe ba, kuma idan ana maimaita haka fumfuna tana tsira a cikin lensi kamar saƙar gizo-gizo. Dabarar ita ce tun a cikin ɗaki a saka kyamara a leda mai zif, a matse iska, a rufe. A fita da ita a haka, a jira minti 20 zuwa 30 har ta ɗauki ɗumin waje, sannan a buɗe; gumin zai taru a bayan leda. Idan an riga an yi kuskure, kada a cire lensi. A gida kuma a ajiye kaya a roba mai murfi da ƙunshin silika, irin wanda ake samu a kwalin takalmi amma babba, laimar ciki ta tsaya tsakanin kashi 40 da 50. Jakar kyamara a cikin kabad mai duhu ita ce gonar fumfuna.

Lokacin da ƙasa ke tafasa, kudu ne mafaka. Abha tana kan tudu mai kusan mita 2,200, Suda kuma ta kusa 3,000, kuma gajimare yana hawowa daga Tihama, kwarin bakin teku, ya lulluɓe hanya. Hazon ruwa yana ruɗin na'ura kamar dusar ƙanƙara, a ƙara haske da +0.7 ko +1. Saitin gani yana rikicewa a cikinsa, sai a ɗora shi a kan itace ko dutsen da ke kusa. A nan dogon lensi ke biyan kuɗinsa: gonaki hawa-hawa a jikin tsauni, gidajen dutse na Rijal Alma daga sama, gwaggon biri a kan katanga. Birin nan, a ɗauke shi daga nesa da gilashin mota a ɗage. Mai matsawa da waya a hannu yana iya komawa gida ba ita. Filtar CPL tana da amfani a kan ganye bayan ruwa, tana kashe ƙyalli launi ya fito, amma tana cin haske kusan ninki biyu zuwa uku, a cire ta idan gari ya yi duhu.

Tauraron Suhail, da ake lissafin fitowarsa a 24 ga Agusta, shi ne albishir ɗin sassaucin zafi, kuma ya zo daidai da kakar dabino. Kasuwar dabino ta Buraida tana cika tun da asuba a watannin Agusta da Satumba, motoci jere da kwanduna.

Rayuwar yau da kullum

Ga mafi yawanmu, hoton da za mu fi ɗauka ba na tsauni ba ne. Hayaƙin tsire ne a Shari'u Mansur na Makka, tsiren da mutanen Hijaz suka karɓa suke kira siriya. Tagogin katako na Balad, tsohon garin Jidda da ya shiga jerin UNESCO a 2014. Kifi a kasuwar Bangala ta Jidda da sassafe. Masu balila da hanta a daren azumi. A wannan fage waya ce sarauniya, dalilin kuma bai shafi fasaha ba. Kowa yana riƙe da waya, ba wanda ya damu. Fito da baƙar kyamara mai dogon baki, sai fuskoki su canza, wani ya tambaye ka wace jarida ce ta aiko ka.

Doka ma tana nan. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya ko makamanciyarta. Ƙa'idojin ɗa'a a bainar jama'a na 2019 sun sa tarar riyal 1,000 ga ɗaukar mutum ba da izininsa ba. Gine-ginen gwamnati, wuraren soja da shingayen bincike ba a ɗaukar su. Jirgi marar matuƙi sai da izinin hukumar jiragen sama. A Harami biyu kuma manyan kyamarori ba abin shiga da su ba ne haka kawai. Mai iƙama, wato takardar izinin zama, ya fi kowa sanin cewa ƙaramar magana tana iya zama babba. Sallama, sayen abin da mutum ke sayarwa, sannan «Baba, in ɗauki hannunka da tukunyar?» ya fi kowane lensi aiki. Hannu, tururi, inuwa a bango, takalma a ƙofar masallaci, duk suna ba da labari ba tare da fuska ba. Mata kuwa a kauce musu gaba ɗaya.

Wani abu da ke ba sababbin zuwa mamaki: wutar lantarkin Saudiyya tana bugawa sau 60 a daƙiƙa, ta Najeriya da Nijar da Sudan 50. Fitilun kasuwa da yawa suna ƙyaftawa da wannan bugun. Idan hoto ko bidiyon dare ya fito da ratsi-ratsi, a sa saurin ƙyaftawa a 1/60 ko 1/125, a duba saitin hana ƙyalƙyali a mayar da shi 60. Marar madubi a tsarin shiru ta fi kamuwa da wannan, a koma labule na ainihi. A tuna kuma watannin Hijira suna matsowa da kwana 10 ko 11 duk shekara, don haka hasken buɗa-baki na bana ba zai zama na shekara biyar masu zuwa ba, alhali wardi da dabino kalandar rana suke bi.

To, wa zai sayi me?

Wanda hotonsa ke ƙarewa a WhatsApp da Instagram, wanda fitarsa daga gari ba ta wuce sau biyu ko uku a shekara ba, ya riƙe wayarsa. Ya sayi ƙafa-uku mai ƙarfi da maƙalar waya, da batirin caji na aljihu, ya koyi kulle haske da tashi da asuba. Hoto mai megafiksel 12 yana wankuwa tsaf har girman santimita 34 da 25, ya isa bango. Idan zai aika wa 'yan'uwa a gida, ya tura shi a matsayin fayil, domin WhatsApp yana matse hoto ya zubar da rabin kyansa.

Wanda ke zuwa hamada ya kwana, ko yake hawa tsaunukan Asir da Faifa, kuma kuɗinsa a ƙirge suke, tsohuwar DSLR mai megafiksel 24 ta fi masa. Batir, juriyar zafi, kariyar ƙura, da arhar lensuna na hannu duk suna gefenta, kuma hotonta yana kai santimita 51 da 34 a wanki. Aibinta shi ne Canon da Nikon sun mayar da hankali kan marasa madubi, kayan gyaranta za su riƙa raguwa, kuma ba ka ganin yadda hasken zai fito sai ka danna.

Marar madubi ta dace da mai haɗa hoto da bidiyo, da mai koyo da ke son ganin sakamako a tagar leƙe kafin ya danna, da mai ɗaukar yara ko tsuntsaye, tunda saitin ganinta yana bin ido. Ya dai sa batir biyu na ƙari a lissafinsa tun farko. Babbar kyamara mai cikakken faranti kuwa, a ganinmu, sai wanda hoto ke ciyar da shi. Nauyinta da na lensunanta ne ke sa ta zama kayan adon kabad.

Ko wacce aka zaɓa, kada jikin kyamara ya cinye kuɗin duka. A bar kusan rabi domin lensi, ƙafa-uku, batir da memori. Fayil ɗin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, na megafiksel 24 yana cin megabait 25 zuwa 30, memori mai gigabait 64 zai ɗauki kamar 2,000. Biyu matsakaita sun fi ɗaya babba, saboda ranar da ɗaya zai lalace.

Mai sayen ta hannu, a Haraj, kasuwar kayan hannu, ko a shago, ya je da memorinsa ya yi gwaji a gaban mai ita. Ya duba adadin dannawa. Ƙananan DSLR an gina labulensu ne domin kamar 100,000, wadda ke ƙasa da 30,000 tana da sauran rai sosai. Ya cire lensi ya haska fitilar waya ta cikinsa: 'yar ƙura ba komai, amma zare-zare ko gajimare fumfuna ce, a bar shi, musamman idan kayan a Jidda ko Jazan ko Dammam suka zauna. Ya murɗa zum a kusa da kunne, idan yana ƙas-ƙas yashi ya shiga. Ya yi gwajin f/22 a farin bango. Ya ɗora batir a kan tebur ya juya shi, wanda ya kumbura zai yi ta lilo. Ya leƙa ƙananan kusoshin ƙasa da ramin ƙafa-uku, tsatsa ko farin gishiri a wurin alama ce ta kyamarar da ta sha iskar teku. Sannan ya nemi caja ta asali, ya tabbata bakinta ya shiga soket mai ƙafa uku da ake amfani da shi a nan.